Minda Ta Huɗu

 Edita ya ce kowa ya kawo abin da ya tsinto a hutu. To, ni abin da na tsinto ya fi ƙarfin aljihuna, don haka na ga gara in sauke shi a nan gabanku. Labarin waɗansu lambobin soja ne guda huɗu, irin waɗanda tsofaffinmu su ke kira minda, da yadda na koyi karanta su, har karatun ya kai ni inda ban yi niyyar zuwa ba.

Ni mutumin Ƙafin Maiyaki ne, cikin ƙasar Kiru, kudu da birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Tudun Wada da Doguwa. Kakana na wajen uba tsohon soja ne, ya yi yaƙin Burma, wadda su su ke kira Bama. Na riske shi da rai, ya rasu ina ɗan shekara tara, ina makarantar allo. Allah ya jiƙansa. A ƙarƙashin gadonsa akwai wani baƙin akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Ran Salla, in an sauko daga idi, ya kan sa a jawo masa akwatin nan, ya fito da lambobinsa uku, ya maƙala su a ƙirjin babbar rigarsa, ya zauna a zaure ana zuwa gaishe shi. Mu jikoki mu kan yi ta tsokanarsa, mu ce tsoho ya rasa asusu ya rataya kwabbansa a wuya. Shi kuwa sai ya ɗaga sanda, ya ce mu ƙame, mu sara masa.

Amma akwai ta huɗu a can ƙasan akwatin, ƙunshe cikin tsumman saƙi, an ɗaure da zare. Ita wannan ba ya rataya ta, ba ya ko kwance ta. In mun tambaya sai ya ce, "Ta Baba Babba ce, ba ta wasan yara ba ce."

Baba Babba shi ne mahaifin kakana. A gidanmu ba a kama sunansa, ni ma ba zan kama shi a nan ba. Abin da muka gada daga labarinsa magana ɗaya ce tak, watau wai ya ga ranar Bebeji, ranar da Nasara suka fasa ƙofar garin nan suna kan hanyarsu ta zuwa cin Kano. Ba wanda ya taɓa ƙara mana kome a kan wannan, mu yara muka cike sauran da kanmu. Ni dai tun ina ƙarami na tsai da shi a bisa ganuwa, da baka da kwari, yana ta sakin kibau. Lambar da ke cikin tsumma kuwa muka ce ganima ce, daga ƙirjin wani Bature ya fizge ta. Da wannan na girma, da shi na yi ta cika baki. Har a makarantar da na bari kafin in zo nan, wata rana gardama ta haɗa ni da wani abokina wanda kakannin kakanninsa suka yi wa Turawan mulki aiki, na ce masa jikan yaron Nasara, a gaban jama'a. Bai ce mini kome ba, sai idonsa ya kawo ruwa. Yana cikin masu karanta wannan shafi yau, ya san kansa.

Da na zo wannan makaranta, malaminmu na tarihi ya ji ina labarin lambobin kakana, sai ya ba ni aron wani littafi na Turanci mai hotunan lambobin sojan Ingila, ko wace da launin ƙyallenta. Ya haɗa mini da gilashin nan mai ƙara girman rubutu. Ya kuma gargaɗe ni, ya ce, "Kada ka goge su da toka da lemun tsami kamar tasa. Abin da za ka karanta shi za ka kankare." Ashe minda ba ado ba ce kurum, rubutu ce, tana da ƙa'idar karatu kamar allo. Ƙarfen da aka yi ta da shi yana magana, kan sarkin da ke gabanta yana faɗin zamani, launin ƙyallen da ta ke rataye da shi yana faɗin wane yaƙi ne, in kuma an yi sa'a gefenta yana ɗauke da sunan mai ita.

Na fara da ukun da na sani. Biyu taurari ne na tagulla masu tsini shida, a tsakiyarsu da harufan sunan Sarki Joji na shida da kambi a bisa. Ɗaya an rubuta mata 1939–1945. Ƙyallenta kashi uku ne daidai, baƙin shuɗi da ja da shuɗi mai haske, watau sojan ruwa da na ƙasa da na sama. Ɗayar ita ce Tauraron Burma, ƙyallenta ja ne a tsakiya, gefe da gefe baƙin shuɗi da ratsin ruwan goro, a kan ba da ita ga wanda ya yi aiki a fagen yaƙin Burma tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. A nan na kama kuskure na farko: wani tela da ya sake wa tsoho ɗinkinsu ya musanya ƙyallayen, shekara da shekaru kakana yana rataya ko wane tauraro da rigar ɗan'uwansa, ba wanda ya lura. Ta ukun kewayayya ce, fara kamar azurfa amma ba azurfa ba ce, a bayanta zaki ya taka wani dodo mai kai biyu. Ita wannan ko kwana 28 mutum ya yi cikin kakin soja lokacin yaƙin ya cancance ta.

Tauraron nan ya ce mini kakana ya je Burma, amma bai ce mini ina ya je cikinta ba. Sai na koma ga abin da na ke tunawa daga bakinsa. Ya kan ambaci wani kogi wai shi Kaladan, da ruwan sama wanda ba ya ɗaukewa, da matsattsaku masu shiga takalmi, da abinci da a ke sako musu daga jirgin sama ɗaure da laima. Littattafai suka gaskata shi. Runduna biyu aka kai daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, mutanen Nijeriya da Gwalkwas, wadda ta zama Ghana, da Saliyo da Gambiya. Ta 81 aka haɗa a 1943, aka bi da su ta teku zuwa Indiya, suka shiga kwarin Kaladan a 1944, cikin duwatsu da kurmi inda mota ba ta shiga, kaya a ka, guzuri daga sama. Ta 82 ta biyo baya, rundunonin biyu suka gamu wajen cin garin Myohaung a Janairu 1945. Waɗansu bataliyoyin Nijeriya kuma aka ware su suka bi Janar Wingate bayan layin Japanawa a 1944, cikin rundunar da a ke kira Chindit. Wanda ya san Zariya ya san barikin da ke amsa wannan suna, kamar yadda Kalapanzin ta Kaduna sunan wani kogi ne na can. Mu kan wuce ta ƙofar barikokin nan mu karanta allonsu, ba mu san kakanninmu ne suka ɗauko sunayen a ka ba.

Na juya lambobin nan uku, na bi gefensu da gilashi, ina neman sunan tsoho. Babu. Ingila ba ta buga suna a lambobin yaƙin duniya na biyu ba. Da za a zuba su cikin kwando tare da na waɗansu, ba mai iya cewa ga nasa.

Daga nan abin ya shiga raina. Hutun bara da na bana na hau keke na yi ta bin gidajen da aka ce an taɓa yin soja, daga ƙasar Kiru har Tudun Wada har Doguwa. Ba saye na ke yi ba, ba ni da kuɗin, ba kuma na son raba gida da abin tunawarsa. Tarin da na ke yi a littafi ne: in ɗora takarda a kan minda in goga fensir har zanenta ya fito, in rubuta launin ƙyalle in ya saura, in kwafe abin da ke gefe, sa'an nan in karanta wa masu gida abin da na gani. Yanzu ina da 31. Mafi yawansu na bayan mulkin kai ne: ta samun 'yanci ta 1960 mai ƙyalle kore da fari da kore, da ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta aikin Kwango, da na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Waɗannan ba su da wuyar ganewa, da yawa ma masu su suna nan da rai, su kan karɓe bayanin daga bakina su gyara mini.

Tsofaffin su ne abin nema. A wani ƙauye kusa da Tudun Wada na ga wata a wuyan yaro mai tatata, an jera ta cikin layu. Ta tagulla ce, da hoton mace mai fukafukai, uwar yaron ta ce mala'ika ne mai tsaron yara. Lambar Nasara ce ta yaƙin Jamus na farko, a bayanta an rubuta 1914–1919. Ita kam da suna a gefenta, da lambar sojan, da muƙaminsa, farabiti ne. Da na karanta sunan da ƙarfi, wani tsoho da ke kishingiɗe a inuwa ya tashi zaune, ya ce sunan kakansa ke nan, wanda aka ce ya je Kamaru. Na ba su abin da na sani na yaƙin nan, da cin Garwa a 1915, da Jamusawan da suka ƙi sauka daga dutsen Mora sai Fabrairu 1916. Suka mai da ita wuyan yaron, ni kuwa ban hana su ba. A Doguwa kuma wani dattijo ya sa na yi tafiyar rabin yini don in ga mindar da ya ce Sarauniya ta ba kakansa hannu da hannu. Da aka kwance ta, sai ga liyari, kuɗin azurfar nan na fatake mai kan Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda ko yaushe aka buga shi 1780 a ke rubuta masa. Na rasa yadda zan faɗa masa, na dai yaba nauyinta, na sha furarsa, na dawo.

Wani maƙerin fari a Kiru shi ya ba ni darasin da babu shi cikin littafin malam. Ya ce zamanin mahaifinsa sun narka irin waɗannan ba adadi, sun yi zobba da mundaye. In talauci ya matsa, ko za a aurad da yarinya, sai a kawo. Amma ta azurfa kaɗai su ke karɓa, taurarin tagulla ba mai so. Ku duba fa: tsofaffin lambobin azurfa su ne masu suna a gefe, su ne kuma wuta ta fi ci. Marasa suna su suka fi tsira.

Duk yawon nan da na ke yi a gidajen mutane, ta gidanmu ta huɗu ban taɓa kwance ta ba. Bayan rasuwar kakana mabuɗin akwatin ya koma hannun mahaifina, shi kuwa ba mutum ne da a ke roƙo sau biyu ba. Sai bana, da iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakunan Baffana, ga kuma kuɗin taki. Ana cikin haka wani mai sayen kayan da ya zo daga birni, ya ji labarin akwatin, Baffa ya kawo shi. Ya duba ukun nan ya taya su da abin da bai kai kuɗin buhun masara ba. Da ya kwance ta huɗu, ya juya ta sau biyu, sai ya yi tayin da ya fi kuɗin ɗan maraƙi. Mahaifina ya ce a ba shi kwana uku. Da baƙon ya tafi ya kira ni, ya ce, "Kai da ka ke karatun abin nan, duba mana. Me ya gani a ciki wanda mu ba mu gani ba?"

Bayan la'asar na zauna a bakin zaure inda haske ya ke, na ɗauko gilashi. Azurfa ce, ta yi baƙi ƙirin don daɗewa. A gabanta wani sarki mai sanƙo da gemu, cikin kayan soja, an kewaye shi da sunansa: Edward na bakwai, wanda ya yi sarautar Ingila daga 1901 zuwa 1910. A bayanta mace ce tsaye da hular ƙarfe, ga zaki a gefenta, a ƙasa an rubuta AFRICA. Guntun ƙyallen da ya rage rawaya ne, bakinsa baƙi, da siraran ratsi biyu kore. Na san ta daga littafi, ita ce lambar da aka ƙago a 1902 domin ƙananan yaƙe-yaƙen da Ingila ta ke yi a Afirka. Ita wannan ba ta faɗin kome sai da 'yar sandar azurfa da a ke gittawa a bisanta, wadda ke ɗauke da sunan yaƙin. Na goge sandar da bakin rigata. N. NIGERIA 1903.

Nan take zancen ganima ya rushe, don ba a rataya wa soja lambar yaƙi sai an gama yaƙin. Ba yadda za a yi a fizge ta daga ƙirjin wani ranar Bebeji, ran nan ba a ko ƙera sandar ba tukuna. Na ce to, watakila daga baya ya saye ta, ko jingina aka kawo masa, irin wannan yana faruwa. Sai na tsai da ita a gefe, na bi rubutun harafi harafi. Ga lambar soja. Ga Pte, watau farabiti. Ga sunan nan da ba mu kamawa, Turawa sun karkata rubutunsa amma ba ya ɓuya. A bayansa an ƙara Bida, bisa al'adar bariki ta laƙaba wa soja sunan garin da ya fito. A ƙarshe ga harufan rundunar Nijeriya ta Arewa.

Ku da kuka yi tarihi kun san abin da sandar nan ta ke nufi, amma bari in maimaita, don ni ma ran nan sai da na maimaita wa kaina kamar ban taɓa ji ba. Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da umurnin Gwamna Lugga. Turawan da ke cikin rundunar ba su kai hamsin ba. Sauran, mutum wajen 700, baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausa su ke ji, suna tafe da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Ran 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji suka tarad da ƙofa a rufe. Aka nemi a buɗe, aka ƙi. Aka saita igwa aka fasa ƙofar, Sarkin Bebeji ya rasu a wurin tare da jama'a daga cikin mutanensa. Ran 3 ga wata suka shiga Kano, Sarki Alu yana Sakkwato, Sarkin Shanu ya mutu yana tsaron gidan sarki. Sa'an nan Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya faɗi, sa'an nan Sakkwato ran 15 ga Maris, sa'an nan Burmi ran 27 ga Yuli, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Wanda duk ya yi wannan tafiya a bayan tutar Ingila, shi a ke ba sandar nan. Baba Babba ya ga ranar Bebeji, gaskiya ne. Daga wajen ganuwa ya gan ta.

Na daɗe zaune har aka kira magariba. Lambobin da mu ke alfahari da su ba su da suna, wadda za ta kunyata mu ita ce aka buga wa suna da ƙarfe.

Ban koma wurin mahaifina ba a daren nan. Na shiga cikin gida wurin Iya, ƙanwar kakana, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Baba Babba, ta ba shekara tamanin baya da nisa, ido ya tafi amma hankali garau. Na durƙusa na gaishe ta, na sa mata lambar a tafin hannu. Ta shafa ta, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Maigidana, ashe bokon naka ya kai ka can."

Na ce, "Iya, ashe kin sani?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Ga abin da ta faɗa mini, kamar yadda ta ji daga bakin mahaifiyarta. Lokacin Basasar Kano, sa'ad da Tukurawa da Yusufawa su ke ta cin garuruwan juna, yana yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, yana korar tsuntsaye a gonar gero, mahaya suka sure shi. Ba arna ba ne suka kama shi, ba Nasara ba ne, mutane ne masu salla, masu magana da harshensa. Aka yi ta sayad da shi daga hannu zuwa hannu har ƙasar Nufe. Da Turawan kamfani suka ci Bida a 1897, gari ya watse, ya gudu ya bi kogi har Lakwaja. A can ya tarar ana ɗaukar soja, ana ba da tuwo da riga, wanda kuma ya sa rigar nan ba ubangijin da zai zo ya ce bawansa ne. Ya shiga. Shekara shida bayan haka aka ce su yi arewa, ba a shawarce shi ba. Ta ce ya taɓa gaya wa mahaifiyarta cewa da suka tsaya a gaban ƙofar Bebeji ya ji mutanen bisa ganuwa suna kiran juna da irin Hausar gidansu, wadda ya yi shekara goma bai ji ba, sai gwiwoyinsa suka kama rawa. Da ya gama wa'adinsa ya dawo ya nemi mahaifiyarsa, ya tarar ta rasu. Bai iya zama a ƙauyensu ba, ya zo Ƙafin Maiyaki inda ba a san shi ba, ya kama noma, ya zauna gaban wani malami ya fara allo da gemunsa.

Iya ta ce, "Ai ba ya cewa na ga ranar Bebeji ya tsaya nan. In ya faɗa sai ya bi da istigfari, har sau uku. Ku ne kuka riƙe rabin farko kuka yar da rabin baya."

Na ce, "To, don me bai jefa ta rijiya ba?"

Ta ce, "Takardar 'yancinsa ce. Har ya mutu yana tsoron wani ya zo daga kudu ya ce kuɗinsa ne. Ya ce in an zo, ga shaida, shi sojan Sarki ne."

'Yan'uwa, ba na rubuta wannan don in wanke shi ba. An zub da jini a ƙofar Bebeji, jikokin waɗanda suka faɗi suna nan, muna cin kasuwa ɗaya da su, akwai ma auratayya tsakaninmu. Sarkin da ya tsaya a bayan ƙofarsa ya ƙi buɗewa yana ganin bakin igwa, har gobe shi ne namijin ran nan a wurina, kuma Baba Babba yana cikin sahun da ya kashe shi. Da mutum 700 ɗin nan sun ƙi, Turawa hamsin ba su isa su ci ko Bebeji ba, balle Kano. Amma kuma na kasa tsine masa. Ni da na ƙoshi, na yi karatu, ba a taɓa ɗaura mini igiya a wuya ba, da wane baki zan ce wa yaron da 'yan'uwansa suka sayar ya mutu domin ganuwar da ba ta tsare shi ba? Minda dai tana faɗin wanda mutum ya yi wa aiki, ba ta faɗin dalili. Ku tuna Samanja Chari Maigumeri, mutumin Barno, wanda aka sa wa barikin Lakwaja sunansa. Jamus ya fara yi wa soja a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunar Nijeriya, bai bar aiki ba sai 1953, ƙirjinsa cike da lambobin waɗanda ya fara yaƙa. Ta wajen masu rabon lambobin ma ba a auna da mudu ɗaya ba. A Kwatarkwashi hafsan Bature, Laftanan Wright, shi ya sami Victoria Cross, lambar jarumtaka wadda ba ta da sama a Ingila. Baƙaƙen sojan da suka tsaya kewaye da shi suka tare dawaki, yawancinsu irin ta cikin tsumman nan ce rabonsu.

Da safe na sami mahaifina da Baffa a zaure, na karanta musu rubutun gefen lambar, na faɗi abin da Iya ta ce, ban rage kome ba. Baffa ya tashi tsaye, ya ce, "To ai sai a sayar yau ɗin nan! Mu rabu da abin kunya, mu rufe ɗaki da kuɗinsa. Kai kuma, yaro, ka kama bakinka." Ban ga laifinsa ba, ruwa yana zuba a kan 'ya'yansa. Mahaifina ya karɓi lambar, ya sa na nuna masa inda sunan ya ke da tsinken tsintsiya, ko da ya ke ba ya karatun boko. Ya daɗe yana kallon wurin. Sa'an nan ya ce wa Baffa, "In ta tafi, sunan kakanmu zai koma cikin akwatin gilashi a gidan wanda bai san ko wane ne shi ba, mu kuma mu ci gaba da yi wa yara ƙarya. An sayad da shi sau ɗaya, ya isa." Ran kasuwa ya kai ragonsa da ya ke kiwo domin layya, ya kawo wa Baffa kuɗin. Ba su kai tayin mai sayen kayan da ba, har yau Baffa bai gama hucewa da ni ba, in na gaishe shi a taƙaice ya ke amsawa.

Lambar ta koma cikin tsummanta. Na ƙara mata takarda guda, na rubuta labarin Iya da boko a gaba, da ajami a baya, don duk wanda ya kwance ta nan gaba ya iya karantawa. Taurarin kakana kuma na mai da wa ko wanne ƙyallensa. Na nemi izinin mahaifina kafin in kawo wannan ga Edita, ya ce in dai ban kama suna ba, in je in faɗa.

Saura abokina. Ran da muka dawo hutu na same shi a ɗakin kwana yana jera littattafai, na ce ina da magana. Na tuna masa kalmar da na jefe shi da ita shekara biyar da suka wuce, na nuna masa shafi na 31 cikin littafina, inda na goga fensir, na ce ya karanta sandar da kansa. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa. Na ce ya yafe mini. Ya ce shi ya daɗe da yafewa, amma bai manta ba, kuma ya ji daɗi da ni ma ban manta ba. Sa'an nan ya ce a gidansu akwai wata a cikin tukunyar kakarsa, fara, mai kan wani sarki mai gemu, ba wanda ya san ta mece ce, in hutu ya zo in taho da gilashin.